Daga Salonika Zuwa Yamai: Yadda Ƙawancen Ƙasashe Ya Juya Tarihin Wani Gida na Turkawa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na yi aiki shekara biyu a Yamai tare da wani injiniya Baturke har muka shaƙu, kuma wata rana ya ba ni labarin gidansu, na kasa gane kansa. Ya ce kakan kakansa a wani ƙauye kusa da Salonika aka haife shi, wadda yanzu take cikin Girka, ya kuma rasu a fagen yaƙi a wani yanki da yanzu yake cikin Yukiren. Kakansa ya yi yaƙi a Koriya, daga baya ya tafi aikin ƙera motoci a Jamus. Shi kuwa a birnin Kolon aka haife shi, fasfo ɗin Jamus yake riƙe da shi, amma kamfanin Turkiyya ne ya kawo shi Nijar. Me ya haɗa gidan manoma guda ɗaya da waɗannan ƙasashe duka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da abokinka ya ba ka ba labarin gidansu kaɗai ba ne, domin akwai dubban gidaje a Turkiyya da za su ba ka irinsa, sai dai sunayen garuruwa su canza. Turkiyya ƙasa ce da take zaune a kan mashigin ruwan Bosforus da Dardanel, wato ƙofar da jiragen Rasha suke bi su fita daga Baƙin Teku, kuma wannan mazauni nata ya sa manyan ƙasashe ba su taɓa barin ta ta zauna ita kaɗai ba. A mafi yawan ƙarni na 20 kuwa ƙasa ce matalauciya, ba ta da kuɗi ko masana'antun da za ta kai teburin ƙawance, abin da take da shi a wadace shi ne samari. Saboda haka duk lokacin da shugabanninta suka sa hannu a wata yarjejeniya, da 'ya'yan manoma aka biya kuɗin shiga, wani zubin a matsayin sojoji, wani zubin a matsayin leburori. Idan kana so ka gane tarihin irin wannan gida, ka tambayi inda kowane namiji yake a lokacin da ya kai shekara 20, wato shekarar da ake kiran Baturke aikin soja, sannan ka duba da wa gwamnatinsa take ƙawance a wannan shekarar.

Ƙawancen da ya fara taɓa gidan ba na Turkawa ba ne, na maƙiyansu ne. A 1912 ƙasashe huɗu, wato Bulgeriya da Sabiya da Girka da Montenegro, suka haɗa kai suka auka wa Daular Usmaniyya, kuma cikin 'yan makonni daular ta rasa kusan duk ƙasarta ta Turai, wadda ta mallaka shekara ɗari biyar. Salonika ta faɗa hannun Girka a watan Nuwamba na wannan shekarar. Ɗaruruwan dubban Musulmi suka ɗora kayansu a kan amalanken shanu suka nufi gabas, har masallatan Istanbul suka cika da su, kwalara tana kashe su a harabar masallatan. Turkawa suna kiran waɗannan mutane muhacir, kalmar da muka sani da muhajiri, kuma har gobe za ka ji mutum a Bursa ko Izmir yana cewa shi jikan muhajirai ne. Mai yiwuwa ne kakan kakan abokinka yana cikin wannan ayari, ya sauka a Anatoliya, wato ɓangaren Turkiyya da ke nahiyar Asiya, ba gona ba gida, kuma bai gama kafa bukka ba aka sake kiran sa.

A nan ne ya kamata a daɗe, domin shawarar 1914 ita ce uwar duk abin da ya biyo baya. Shugabannin daular na lokacin, Enver Pasha da Talat Pasha da Jemal Pasha, sun fito daga wancan yaƙi na 1912, wanda ake kira yaƙin Balkan, da yaƙinin cewa ƙasar da ba ta da babban majiɓinci cinye ta za a yi. Ba Jamus suka fara nema ba. Sun lallaɓi Ingila, sun aika wa Rasha, Jemal ya je Faransa da kansa a watan Yuli na 1914, kuma babu wanda ya karɓe su, saboda kowace daga cikin ƙasashen nan tana da yankin daular da take kwaɗayi. Jamus ce ta miƙo hannu, ita da ta daɗe tana zawarcinsu da layin dogo na Bagadaza da kuma hafsoshin da take turowa su horar da soja. Aka sa hannu a asirce ranar 2 ga Agusta 1914. A daidai kwanakin nan Ingila ta ƙwace manyan jiragen yaƙi biyu da daular ta yi oda a wurinta, waɗanda aka tara wani ɓangare na kuɗinsu ta hanyar gudummawar talakawa, har da mata da 'yan makaranta, abin da ya ɓata wa jama'a rai ƙwarai. Sai ga jiragen Jamus biyu, Goeben da Breslau, sun gudo daga Bahar Rum sun shigo Dardanel, aka canza musu suna, aka sa wa matuƙansu Jamusawa jar dara, aka ce daular ta saye su. Ranar 29 ga Oktoba waɗannan jirage suka yi luguden wuta a kan tashoshin ruwan Rasha, daga nan kuma babu sauran ja da baya.

Abin da wannan ya zama a ƙauye yana da suna guda a bakin tsofaffi, seferberlik, wato gangamin kiran soja, kalmar da ta koma ma'anar shekarun yunwa da rashin maza gaba ɗaya. An ɗebi maza kusan miliyan 3, aka kwashe shanun noma da alfadarai da hatsi, kuma cututtuka da sanyi sun kashe sojoji fiye da yadda harsashi ya kashe. Kowa ya san Chanakkale, a bakin mashigin Dardanel, inda aka tare sojojin Ingila da Faransa a 1915 har sunan Mustafa Kemal, wanda daga baya ya kafa Jamhuriyar Turkiyya, ya fito, kuma wanda ya jagoranci rundunar gaba ɗaya a wurin Bajamushe ne, Liman von Sanders. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne a 1916, lokacin da Rasha take cin garuruwan gabashin Anatoliya, Enver ya ɗauki wasu daga cikin zaratan dakarun da suka yi nasara a Chanakkale ya aika su Galisiya, su toshe wa Jamus da Ostiriya ɓaraka a gaban sojojin Rasha. Galisiya ta gabas ita ce yammacin Yukiren a yau. Can ne kakan kakan abokinka ya kwanta, yana kare iyakar wata daula da bai san harshenta ba, domin a nuna wa abokiyar ƙawance cewa ana riƙe da alkawari. Ni a ganina babu wani wuri a tarihin Turkiyya da ya fi wannan nuna yadda talaka yake biyan bashin da bai ci ba.

Wannan ƙawance ya taɓo ƙasarmu ma, ko da yake ba a cika haɗa su ba. A watan Nuwamba 1914 aka shelanta jihadi da sunan Sarkin Musulmi na Istanbul, kuma Jamus ta ba wa shelar ƙarfi don ta tayar da Musulmin da ke ƙarƙashin Ingila da Faransa. Sanusiyya ta Libiya ta amsa, Sarkin Darfur Ali Dinar ya amsa har ya rasa ransa a 1916, kuma a watan Disamba na wannan shekarar Kaosan, jagoran Abzinawa, ya yi wa barikin Faransawa na Agadas ƙawanya, aka daɗe ana fama har watan Maris 1917, sai da Turawan Ingila suka turo taimako daga Najeriya. Ke nan a damina ɗaya da sanyi ɗaya, mutanen Abzin da kakan kakan abokinka suna cikin yaƙi guda ba tare da sun san juna ba.

Ba zai yiwu a wuce shekarun nan ba a ambaci Armeniyawa ba. A 1915, a ƙarƙashin inuwar yaƙin, gwamnati ta kore su daga garuruwansu na Anatoliya, aka hallaka ɗaruruwan dubbai a hanya da kuma kisan gilla. Mafi yawan masana tarihi da ƙasashe da dama, har da Jamus, suna kiran abin kisan ƙare dangi, gwamnatin Turkiyya kuwa ba ta yarda da wannan suna ba. Akwai gidajen Turkawa da Kurdawa da sai a baya-bayan nan suka gano cewa wata kakarsu marainiya ce Ba'armeniya da aka ɗauka aka raina aka aurar. Haka nan duk wanda zai rubuta tarihin irin wannan gida ya tuna cewa matar da aka bar wa marayu a 1916, wadda ta yi huɗa da hannunta, ita ce ta riƙe gidan, ko da hotonta ba ya jikin bango.

Bayan an sha kaye a 1918, sai ga wani ƙawance da ba wanda ya zata. Mustafa Kemal, da yake yaƙi da sojojin Girka waɗanda Ingila take mara wa baya, ya ƙulla yarjejeniya da 'yan gurguzun Mosko a watan Maris 1921, suka ba shi zinariya da bindigogi, duk da cewa Rasha ce tsohuwar abokiyar gaba. Yarjejeniyar Lozan ta 1923 ta tabbatar da iyakokin sabuwar ƙasa, ta kuma zo da musayar jama'a tsakanin Turkiyya da Girka, inda aka yi amfani da addini ba harshe ba: Kiristoci wajen miliyan 1.2 suka koma Girka, Musulmi kusan 400,000 suka taho Turkiyya. Duk wani ɗan'uwa da ya rage a ƙauyen nan na kusa da Salonika a lokacin ne aka ɗauko shi, kuma ƙofar komawa ta rufe har abada.

Ɗan da aka bari maraya, wato mahaifin kakan abokinka, shi ne bai je ko'ina ba, kuma wannan ma siyasar ƙawance ce. A Yaƙin Duniya na Biyu shugaba Ismet Inonu ya samu kansa gaba kura baya sayaki, sai ya raba ƙafa: ya sa hannu da Ingila da Faransa a watan Oktoba 1939, ya sa hannu da Jamus a watan Yuni 1941, bai shelanta yaƙi a kan Jamus ba sai a watan Fabrairu 1945, lokacin da komai ya riga ya ƙare. Sai dai an tsare maza da yawa a bariki shekara da shekaru, noma ya faɗi, aka koma sayen burodi da kati a birane tun daga 1942, kuma harajin dukiya na wannan shekarar ya karya 'yan kasuwa Yahudawa da Girkawa da Armeniyawa. Mutumin ya sha yunwa amma ya rayu ya ga 'ya'yansa, har da kakan da ya je Koriya.

Da yaƙin ya ƙare Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, ya nemi a ba shi sansani a mashigin ruwa, ya kuma nemi lardunan Kars da Ardahan. Tsoron nan ne ya tura Turkiyya hannun Amurka. A watan Maris 1947 shugaba Truman ya nemi majalisarsa ta ba Girka da Turkiyya dala miliyan 400, inda Turkiyya ta samu miliyan 100, sannan tallafin Marshall, wato shirin Amurka na farfaɗo da Turai bayan yaƙi, ya biyo baya. Wannan tallafi ya shiga ƙauye ta hanyoyi biyu da tsofaffi suke tunawa, madarar gari da ake dama wa yara a makaranta, da kuma tarakta. A 1948 taraktocin ƙasar ba su kai 2,000 ba, amma zuwa tsakiyar shekarun 1950 sun kai wajen 40,000. Mai babbar gona da ya samu tarakta ba ya bukatar masu noman raba-daidai da suke zaune a ƙasarsa, ga kuma sababbin hanyoyin mota da aka shimfiɗa da taimakon Amurka sun kai har bakin gari. Sai mutane suka kwarara Istanbul da Ankara da Izmir, suna kafa gidajen da ake kira gecekondu, ma'ana wanda aka gina da dare, don gari ya waye hukuma ta tarar da rufi a kai. Ka riƙe wannan, domin daga cikin waɗannan mutane ne Jamus za ta ɗebi ma'aikata bayan shekara goma.

Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Turkiyya ta nemi shiga ƙungiyar tsaro ta NATO ba a karɓe ta ba, domin wasu ƙasashen Turai suna ganin ta yi nisa kuma za ta jawo musu rigima. Da yaƙin Koriya ya ɓarke a watan Yuni 1950, sabuwar gwamnatin Adnan Menderes, wadda ta yi kimanin wata biyu kacal a kan mulki, ta yanke shawarar tura birget guda ta sojoji wajen 5,000 ba tare da ta kai maganar gaban majalisa ba. Suka tashi daga tashar Iskenderun a ƙarƙashin Janar Tahsin Yaziji, mafi yawansu 'yan ƙauye da ba su taɓa ganin teku ba, suka sauka a Busan a watan Oktoba. A ƙarshen Nuwamba, a wani wuri da ake kira Kunu-ri, sojojin Sin suka yi musu zobe cikin tsananin sanyi, suka yi kwanaki suna faɗa har da banati, fiye da 200 suka mutu, amma tirjiyarsu ta taimaka wa rundunar Amurka ta samu ta janye. Jimillar Turkawan da suka mutu a yaƙin ta haura 700, kuma 462 daga cikinsu suna kwance a maƙabartar Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Busan. Ranar 18 ga Fabrairu 1952 aka shigar da Turkiyya NATO. Wanda ya dawo daga can sunansa ya ɓace a garinsu, sai dai a ce Koreli, wato ɗan Koriya, kamar yadda muke ce wa tsofaffin sojojinmu 'yan Bama, kuma na tabbata idan abokinka ya tambaya zai ji cewa da wannan laƙabi aka san kakansa.

Daɗin ƙawancen bai daɗe ba. An girke makamai masu linzami na Amurka kusa da Izmir, sannan aka kwashe su a 1963 a cinikin da Washington ta yi da Mosko kan rikicin Kuba, ba tare da an nemi ra'ayin Ankara ba. A 1964 shugaba Johnson na Amurka ya rubuto wasiƙa mai zafi yana gargaɗin cewa idan Turkiyya ta shiga tsibirin Kubrus, kada ta sa ran NATO za ta kare ta daga Sobiyet, kuma bayan ta shiga a 1974 Amurka ta hana ta makamai daga 1975 zuwa 1978. A gidaje da yawa wannan ya raba uba da ɗa, uban yana alfahari da lambar yabonsa ta Koriya, ɗan yana jami'a yana zanga-zangar ƙin jinin jiragen yaƙin Amurka.

Yanzu sai Jamus, wadda ita ce ta canza gidan fiye da kowane yaƙi. Jamus ta Yamma ta riga ta ƙulla yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Italiya a 1955, da Sifen da Girka a 1960. Turkiyya ta matsa a yi da ita, hujjarta kuwa ita ce ba daidai ba ne a fifita Girka a kanta alhali dukansu 'yan NATO ne, kuma ita ce take gadin kusurwar kudu maso gabas. A watan Agusta 1961 aka gina katangar Balin, ma'aikatan da suke gudowa daga Jamus ta Gabas suka yanke, kuma ranar 30 ga Oktoba 1961 aka ƙulla yarjejeniyar. Ita Ankara kuɗin waje take nema da kuma rage marasa aiki, tana kuma fatan mutanen za su dawo da sana'a a hannu. Daga 1961 zuwa 1973 ma'aikata wajen 870,000 suka tafi, kusan kashi ɗaya cikin biyar mata ne, kuma kuɗin da suke aikowa gida ya haura dala biliyan 1 a shekara a 1973 da 1974.

Yana da kyau ka ga yadda tafiyar take a kusa. Mutum zai je ofishin Jamusawa da ke Istanbul, a tuɓe shi tare da wasu a jere, likita ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, a ɗauki hoton ƙirjinsa, a gwada fitsarinsa, a rubuta masa lamba a fata da alƙalami. Wanda ya tsallake sai ya hau jirgin ƙasa a tashar Sirkeji da akwati ɗaya da ƙunshin abinci, ya yi kusan kwana uku a zaune kafin ya sauka a Munik, inda ake tara su a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa a rarraba su, wannan ramin kwal na Ruhr, wancan masana'antar Ford ta Kolon. Suna kwana a ɗakunan kamfani mutum huɗu ko shida, a kan gadaje masu hawa biyu. A watan Fabrairu 1965, da ba su da masallaci, ɗaruruwansu suka yi sallar Idi a cikin babbar majami'ar Kolon. Waɗanda ba su iya rubutu ba sukan ɗauki muryarsu a kaset su aika gida, a taru a tsakar gida a saurara, matar ta ɗauki tata amsar da kukan jaririn da uban bai taɓa gani ba. Duk Bahaushen da ya san ci-rani ya san wannan, kuma ya san yadda ake cewa baɗi za a dawo. Turkawa suna kiran wannan zama gurbet, daga kalmar Larabci ta baƙunta.

An tsara ne kowa ya yi shekara biyu ya koma, amma kamfanoni suka ƙi rabuwa da waɗanda suka riga suka koya wa aiki, aka cire sharaɗin a 1964. Da Jamus ta rufe ɗaukar ma'aikata a watan Nuwamba 1973, sai abin ya juye: wanda ya san idan ya fita ba zai sake shiga ba sai ya zauna ya aika a kawo iyalinsa, musamman da aka rage kuɗin tallafin yaran da suke zaune a waje a 1975. Ina kyautata zaton ta haka mahaifin abokinka ya isa Kolon, yaron da kaka ta raina a ƙauye, ya zo ya tarar da uban da a hutun bazara kawai ya san shi, aka sa shi a aji ba ya jin ko kalma ɗaya. A Jamus baƙo ne, idan ya je gida kuma a ce masa Almanji, wato ɗan Jamus. Da shekarunsa na soja suka yi, ƙasarsa ba jininsa ta nema ba, kuɗin waje ta nema, domin a 1980 an ba mazauna ƙetare damar biya da kuɗin ƙasar da suke zaune, su yi ɗan gajeren horo a garin Burdur su koma bakin aiki. Shi ne ya ga dokar 1983 da ta yi tayin mak 10,500, kuɗin Jamus na lokacin, ga wanda zai tattara ya koma, shi ne kuma ya ga daren 29 ga Mayu 1993 da masu ƙin baƙi suka cinna wa wani gida wuta a Solingen, mata da 'yan mata biyar suka mutu. Daga cikin irin waɗannan gidaje ne Ugur Shahin ya fito, wanda mahaifinsa ma'aikacin Ford ne a Kolon, kuma kamfaninsa na BioNTech ya samar da rigakafin korona, haka ma Mesut Ozil, jikan mai haƙar kwal, wanda ya bar ƙungiyar ƙwallon Jamus a 2018 yana kukan cewa Bajamushe ne idan an ci, baƙo ne idan an sha kashi.

Alkawarin da ya kamata ya sauƙaƙa wa wannan zuriya rayuwa shi ne na Turai, kuma shi ne bai cika ba. Yarjejeniyar Ankara ta 1963, tsakanin Turkiyya da ƙungiyar da daga baya ta zama Tarayyar Turai, ta yi hasashen ranar da ma'aikacin Turkiyya zai shiga Turai ba shamaki, amma a 1980 sai Jamus ta sa wa Turkawa biza. An yi haɗakar kwastan a 1996, an karɓi Turkiyya a matsayin mai neman shiga Tarayyar a 1999, an fara tattaunawa a 2005, daga nan magana ta cije. Kaya suna wucewa ba haraji, mutum kuwa sai ya yi layi a ofishin jakadanci, har ya zama a gida ɗaya mai fasfo ɗin Jamus yana zuwa bikin ɗan'uwansa ba wahala, ɗan'uwan kuma ba ya iya zuwa nasa. Sai a watan Yuni 2024 Jamus ta yarda kowa ya riƙe fasfo biyu.

Zuwan abokinka Yamai ya samo asali ne daga wannan jiran da ya yi tsawo. Kamfanonin gine-ginen Turkiyya sun fara fita tun shekarun 1970 zuwa Libiya da Saudiyya da Iraƙi, daga baya Rasha. A 1997 Firayim Minista Erbakan ya kafa ƙungiyar D-8 ta ƙasashe takwas masu tasowa a Istanbul, wadda Najeriya take ciki, a 2005 Ankara ta ayyana shekarar Afirka, ofisoshin jakadancinta a nahiyar suka tashi daga 12 a 2002 zuwa fiye da 40, aka buɗe na Yamai a 2012, kuma kamfanin Turkiyya ne ya sabunta filin jirgin saman Diori Hamani a 2019. Turkiyya tana nan cikin NATO, amma a 2019 ta karɓi makaman kariya na S-400 da ta saya daga Rasha, tana kuma sayar wa ƙasashen Afirka, har da Nijar, jiragenta marasa matuƙi. Injiniyan da ya yi karatu a Jamus, yana jin Jamusanci da Turkanci da Ingilishi, shi ne irin mutumin da waɗannan kamfanoni suke nema, kuma shi ne na farko a cikin maza biyar ɗin nan da za a ce ya zaɓi inda zai je da kansa.

Kada ka ɗauka ƙawance ne ya yi komai. Fari da talauci da juyin mulkin 1960 da 1980 da kuma ƙarfin halin mutum duk suna da rabonsu, kuma a ƙauye ɗaya wani ya tafi wani ya ƙi. Akwai kuma gidajen da labarinsu ya bi wata hanya dabam, kamar Turkawan Bulgeriya, waɗanda suka tsinci kansu a ɗaya ɓangaren Yaƙin Cacar Baka, aka tilasta musu canza sunayensu a 1984 da 1985, sannan fiye da 300,000 suka tsallako iyaka a 1989.

Idan abokinka yana so ya tabbatar da abin da ya ji a bakin manya, hanya tana nan. Tun watan Fabrairu 2018 gwamnatin Turkiyya ta buɗe rajistar zuriya a shafinta na intanet mai suna e-Devlet, kuma a kwanakin farko jama'a sun yi masa yawa har aka dakatar da shi na ɗan lokaci. Kowane ɗan ƙasa yana iya ganin sunayen kakanninsa da garuruwan haihuwarsu har zuwa cikin ƙarni na 19. Ya lura da abu uku. Sunan dangi bai wuce 1934 ba, shekarar da doka ta wajabta shi, saboda haka waɗanda suka gabata da sunan uba da laƙabi ake gane su. Idan ya ga an rubuta 1 ga Yuli a matsayin ranar haihuwar mutane da yawa, alama ce ta cewa shekarar kawai aka sani. A tsofaffin takardun gida kuma, kamar katin shaida ko takardar sallama daga soja, zai iya ganin shekara irin 1326, wadda ta kalandar Rumi ce ta zamanin daular, sai ya ƙara 584 ya samu 1910. Sunan kakan kakansa kuma ya neme shi a jerin shahidan da ma'aikatar tsaron ƙasar ta wallafa, a ƙarƙashin fagen Galisiya, tsakanin 1916 da 1917.